Yadda Na Gyara Shan Mai a Mazda MX-5 da Sensa Mai Hita

MX-5 mai injin lita 1.6, ƙirar 1990 zuwa 1993, sensar oksijin ɗinta (na'urar da ke auna oksijin a hayaƙin salansa don kwamfutar motar ta daidaita mai) mai waya ɗaya ce, ba ta da hitar da za ta ɗumama ta. Sai ta kai kusan digiri 315 na Salsiyas take aiki. Da aka canza bakin salansa, mazauninta ya yi nisa da injin, sai ta riƙa hucewa a silo, wato idan injin na aiki mota na tsaye. Kwamfutar motar ta daina daidaita mai, fulogi suka yi baƙi.

Sai na sa sensar kamfanin Bosch mai waya huɗu, wadda ke da hita. Zarenta ɗaya da tsohuwar, M18×1.5, sifana lamba 22 ke kwance ta.

Baƙar waya ita ce sigina, ta hau tsohon layin. Waya mai ruwan toka kuwa, na ɗaure ta a jikin injin. Fararen biyu na hita ne, ba ruwansu da juyi: ɗaya jikin mota, ɗaya wutar bolt 12 ta fiyus mai amfiya 5, wadda sai an murɗa makulli take zuwa. Kada a ja ta kai tsaye daga batir, zai kwana ya mutu.

Matse wayoyin ake yi, ba a yi musu dalma, domin ta cikinsu sensar ke shaƙar iskar da take gwaji da ita.

Yanzu cikin minti ɗaya da tayarwa, mitar awon wuta na nuna siginar sensar tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, alamar tana aiki.