Yadda za ku naɗa shugaban fada ba tare da an watse ba

Duk fadar abokai masu zaman shan shayi da ta fara tara kuɗi to rigima na tafe. Tamu a Zango mun daɗe muna shan shayi lafiya lau, sai da muka fara kotize jikka jikka duk wata sannan muka gane ashe kowa da tashi dimokuraɗiyyar a kai, wani ya ce a ɗaga hannu masu yawa su ci, wani ya ce a'a a zauna a daidaita har kowa ya yarda, wani kuma ya ce babba babba ne, tunda a Birni ma ba a jefa ƙuri'a kan sarauta.

Abu na farko, kar a kira sunan kowa sai an gama maganar ƙa'ida. In an riga an san 'yan takara to kowa zai goyi bayan ƙa'idar da za ta ba nashi ne kawai. Ku ɗauko kaye da bik a rubuta, kowa ya sa hannu.

In zaɓe za ku yi, dan Allah ku yi zagaye biyu. A ce ku ashirin ne, 'yan takara uku, ɗaya ya samu takwas, ɗaya bakwai, ɗaya biyar. In kun ba mai takwas to mutum goma sha biyu ba su so shi ba, su ne za su dinga zuwa a makare suna ɓata rai. A sake tsakanin na ɗaya da na biyu. Haka aka yi a zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 1993, Tandja Mamadou ne kan gaba a zagayen farko amma da jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa kai sai Mahamane Ousmane ɗan Damagaram ya ci a na biyu. Kuma ban da ɗaga hannu, wallahi ba wanda zai ƙi mai sayen sukari da gawayi alhali yana kallonshi ido cikin ido. A yayyaga takarda kowa ya rubuta ya naɗe ya jefa a hula, a ƙirga a gaban kowa.

Masu cewa a daidaita suna da gaskiyarsu, musamman kan kuɗi, don bai kamata rinjayen mutum ɗaya ya kashe gumin kowa ba. Matsalar ita ce mai babbar murya shi ke cinye zaman, masu kunya su yi shiru a ce sun yarda. Mu dabararmu kofin shayi, wanda kofi ya zo hannunshi shi ke magana har ya shanye, ba mai katse shi.

Sannan perezidan daban, mai riƙe kes daban, amma a rubuta aikin kowa dalla dalla. Kun dai tuna 1995, shugaban ƙasa Ousmane da firaminista Hama Amadou, jan igiya kan wa ke da ikon me har aiki ya tsaya, Janairun 1996 Kanal Ba'are ya yi juyin mulki ya kwashe su duka. Mu ma mun taɓa shiga irinta, perezidan ya ce a fidda kuɗin suna, mai kes ya ce bai san zancen ba, wata biyu ba sa gaisawa.

Wa'adi shekara guda ya isa, sau biyu in ya yi kirki, kuma a rubuta cewa mai ci ba ya taɓa wannan layin, kalmar tazarce tun 2009 muka san ta.

Ƙananan ayyuka kamar kai gudummawar biki ko binciken kaye kar ku wahalar da kanku, ku yi ƙuri'a irin ta adashe, mutanen Atina na tsohuwar Girka ma haka suke raba yawancin muƙamansu. Babban fada kuma a bar mishi tabarmarshi da kofin farko da sasanta masu faɗa, makullin kes dai kar ya je hannunshi.