Yadda za ka shirya gudun famfalaki daga Maraɗi

Tsawon gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Wanda ya saba gudun kilomita 10 yana buƙatar kamar mako 16 na shiri.

Ka riƙa fita sau huɗu a mako, ɗaya daga ciki ya zama dogon gudu. Fara da kilomita 12, ka ƙara biyu duk mako har ka kai 30 ko 32, sannan ka sassauta a makonni uku na ƙarshe domin ƙafa ta huta. A nan Maraɗi ka fita da an sallame sallar asuba. Gudu da rana a watan Afrilu ganganci ne. Gefen hanyar Tibiri ya fi rairayin gulbi, don yashi mai zurfi yana wahalar da agara.

A ranar gasa, inda aka fi faɗuwa shi ne wajen kilomita 30. Sukarin da jiki ya ajiye a tsoka yana ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Maganinsa tun daga farko yake: kada zumuɗin taro ya ja ka da gudu, ka ci dabino biyu duk minti 45, ka kurɓi ruwa rabin kofi duk minti 20, wani lokaci da ɗan gishiri.

Daren jajibiri shinkafa ta isa, ban da yaji. Kada ka sa sabon takalmi ranar, zai fitar maka da bororo. Ka shafa basilin a matsematsi da hamata.