Shawara ga masu son cin abincin dare a jirgin ruwan Dubai

Jama'a, in kun sauka a unguwar Deira ta Dubai, kada ku biya kuɗin motar ɗauka daga otal. Ku sayi tikitin jirgin kawai.

Ina nufin jiragen katakon nan na Larabawa da ake kira dau, masu zagaya mashigin ruwan Dubai da dare. Da yawansu a gefen titin Baniyas suke tsayawa. Daga mafi yawan masaukan 'yan kasuwarmu da ƙafa ma za ka isa, ko ka hau jirgin ƙasa ka sauka a tashar Union. Motar kamfani kuwa sai ta bi otal-otal tana kwasar mutane, ka biya ƙari, ka kuma iso a makare.

Isowa da wuri shi ne ribar. Ka yi Isha'i, ka je kamar rabin awa kafin tashi, ka nemi teburin bene kusa da bakin jirgin. Daga can ne ake ganin fitilun unguwar Bur Dubai da ke tsallake da tsofaffin gidajen Al Fahidi a bakin ruwa, iska na kaɗa ka. Wallahi wannan kallon ya fi abincin. Tafiyar wajen awa 2 ce.

Amma daga Yuni zuwa Satumba ka manta da bene, zafi da gumi ba za su bar ka ka ci komai ba. Zauna ƙasa inda akwai na'urar sanyi.

In kuma jirginka daga unguwar Marina yake tashi, da nisa sosai daga Deira. Nan kam karɓi motar, musamman in kana tare da iyali.