Inda Nake Cajin Motona Mai Batiri a Tawa

Wata tara ke nan da na sayar da tsohon motona mai shan esans na hau mai batiri, kuma duk inda na tsaya sai an tambaye ni: "To Malam, a ina kake ba shi kuran?" A wurin mutane nake ba shi. Wurare huɗu gare ni: gidana a unguwar Bilbis, shagon wani mai walda kusa da tasha, mai sayar da ƙanƙara a Badagishiri, da gidan ƙanen mahaifina a Ƙonni. Kowanne sai da na je muka zauna tun buƙata ba ta taso ba. Kai ma haka za ka yi.

Fara da sanin cikin batirinka. Duba lambobin da ke jikinsa, ka ninka bolt da amfiya. Nawa 72 ne da 40, wato 2,880, kusan kilowat-awa 3 ke nan a konta idan ya sha daga ƙasa har ya cika. Cajata mai amfiya 10 ce, tana ɗaukar awa huɗu da ɗoriya. Wannan lissafi shi ke raba gardama, don mutane na tsoron moto zai shanye musu wutar wata guda. Da na fara zuwa wurin mai ƙanƙara, ya ce, "Ɗana, abin nan ba zai kashe mini firji ba?" Na ce, "Baba, kamar a yi guga na awa uku ne, zo mu duba konta tare." Muka rubuta lamba kafin da bayan caji. Tun ranar, abin da konta ta nuna nake biya, in ɗora masa na goro.

Sai ka duba wurin da za ka jona. A nan na taɓa ƙonuwa. Na tsaya a teburin wani mai cajin waya, ya miƙo mini siririyar igiya da aka yi wa ɗauri da leda, ban yi minti ashirin ba sai wari, kan filogin ya narke ya manne. Yanzu igiyata nake yawo da ita, mai kaurin milimita 2.5, kuma bango nake jonawa kai tsaye. Bayan minti goma taɓa filogin. In ya fi ƙarfin yatsa, cire. Wurin mai walda kuwa jira nake sai ya kashe injinsa, don in yana aiki wutar hawa da sauka take yi.

Zafin Afrilu da Mayu shi ne babban abokin gabar batirin litiyom. Kada ka sauka daga tafiya ka jona nan take. Bar shi a inuwa ya huce ko da rabin awa ne. Ni bayan isha'i nake jonawa, a tsakar gida, nesa da ɗakin da yara ke kwana, kuma ba na barci sai na cire.

Wanda ya ga yadda muka yi bayan Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 ba zai dogara da layi kaɗai ba, duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da ke Malbaza tun 2018. Nemi mai faifan sola a cikin mutanenka, ka tambayi ƙarfin na'urarsa mai juya wuta. In ba ta kai wat 1,500 ba, kada ka ɗora mata nauyi. Ƙaramin gurup, wato janareto, na masu cajin waya ma a ƙyale shi.

In tafiyar Ƙonni ta kama, tun daren jiya nake bugo wa mai ƙanƙara waya in ji ko da wuta. Goyo da iskar hunturu suna cin batiri sosai, shi ya sa ko allura ta nuna rabi sai na tsaya a Badagishiri, in jona, in yi azahar, in ci tuwo, sannan in kama hanya.