Kun rabu baram-baram da oga, yanzu kana tsoron abin da zai faɗa a kanka

Wallahi na san wannan fargabar. Ka bar aiki bayan sa-in-sa da oga, wani wajen sun kira ka intabiyu komai ya tafi daidai, sai a ƙarshe su miƙo fom su ce rubuta wanda za mu tuntuɓa a tsohon wajen aikinka, nan take gabanka ya yanke ya faɗi. Ni ma ta faru da ni, shekara uku ina aikin sito a wani kamfani a Kano, albashin wata biyu ya maƙale, da na yi magana aka ce na cika ƙorafi, daga nan zama bai ƙara daɗi ba.

In ba ka riga ka fita ba, don Allah kar ka yi zuciya ka daina zuwa kawai, wannan ne yake ba su bakin cewa ai guduwa ka yi. Rubuta takardar ajiye aiki, layi uku ya isa ba sai ka amayar da duk abin da ke cikinka ba, ka kai ofishin HR, wato sashen kula da ma'aikata, su buga sitam su sa kwanan wata, ka riƙe kwafi. Duba takardar ɗaukarka aiki ka ga notis ɗin kwana nawa aka rubuta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma, wadda ta fi shafar ƙananan ma'aikata, a sashe na 11 ta ce wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba notis ɗinsa mako 1 ne, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 mako 2, shekara 5 zuwa sama wata 1.

Sai miƙa kaya, kuma nan ne mutane da yawa suke yin sake. Ni ranar ƙarshe na kira wani abokin aiki muka tsaya cikin sito muka ƙirga katan-katan ɗin ɗaya bayan ɗaya har la'asar, muka rubuta, na ajiye makullai da katin shaida a kan tebur, wanda ya karɓa ya sa hannu ni ma na sa. Saboda wannan 'yar takardar babu wanda ya isa ya ce wani abu ya ɓata a hannuna. Kafin ka tafi ka nemi takarda mai nuna ranar da ka fara, ranar da ka bari da muƙaminka, sau da yawa abin da sabon waje yake son tabbatarwa kenan.

Shi kuma referi, wato wanda sabon wajen zai tuntuɓa ya ba da shaida a kanka, in dai ba su ce lallai sai shugaban wajen ba, ba dole ne ya zama ogan da kuka ɓata ba. Shugaban sashenka, ko wani babba da ya ga aikinka da idonsa ko da shi ma ya bar wajen, duk sun yi. Amma kar ka sa sunan mutum bai sani ba, je ka gaishe shi, ka ce yallaɓai ina neman alfarma, ka gaya masa aikin da kake nema tun kafin a kira shi.

In aka tambaye ka me ya sa ka bar can, kar ka yi ƙarya kuma kar ka zagi kowa. Ni cewa na yi an samu matsalar biyan albashi, na ba da notis na miƙa komai, ga takarduna. Habaici a Facebook ko sitatus ɗin WhatsApp kuwa ka haƙura da shi, ana gani.

In kuma akwai laifinka a ciki, nemi dattijon da ogan yake jin nauyinsa ya raka ka ku je a yafi juna.

Haƙƙinka ma kar ka bar shi don tsoron referi. Kuɗin fanshonka yana asusunka na ajiyar fansho da ake kira RSA, ba a hannun kamfani ba, kuma dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba damar cire har kashi 25 cikin 100. Albashin da aka riƙe maka, fara nema a rubuce ka ajiye kwafi, in sun ƙi akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna.