Yadda za ka saita wayarka don kafafen sada zumunta su daina cin barcinka da natsuwarka

Kafin ka goge wata manhaja, fara da awo. Yawancin mutane ba su san tsawon lokacin da suke ɓatawa a Facebook, TikTok da WhatsApp ba sai sun ga lissafin da idonsu. A wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix da Samsung, shiga Settings ka nemi wurin da aka rubuta Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Google da Apple duk a 2018 suka fito da wannan tsari. Zai nuna maka mintocin da kowace manhaja ta ci, sau nawa ka buɗe wayar, da adadin sanarwar da ta shigo. Idan ƙaramar waya ce wadda ba ta da shi, duba sashen batir, domin manhajar da ta fi cin caji galibi ita ce ta fi cin lokacinka.

Kada ka canza komai a makon farko. Rubuta lissafin kwana 7 a takarda, kuma duk lokacin da ka ajiye wayar ka lura da halin da ta bar ka: nishaɗi, haushi, fargaba, ko jin cewa kowa ya wuce ka. Awa 4 a rana ita ce awa 28 a mako, wato kusan kwana 61 a shekara. Amma yawan awannin ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Minti 40 na hira da ƙanwarka da ke aure a wani gari daban yake da minti 40 na jan allo kana kallon rayuwar mutanen da ba ka sani ba. Na biyun za a rage.

Dare shi ne farko

In abu ɗaya kawai za ka iya gyarawa, to ka gyara dare. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma ƙarancinsa yana ƙara saurin fushi da damuwa. Hasken allo yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci, sai dai abin da ke cikin allon ya fi hasken illa. Wanda ya karanta zagi ko ya kalli bidiyon hatsari da ƙarfe 11 na dare, zuciyarsa ba za ta kwanta ba ko da ya kashe fitila.

Ka ajiye wayar minti 45 zuwa awa 1 kafin kwanciya, kuma a wurin da sai ka tashi tsaye za ka kai gare ta. Ƙarƙashin matashi ba wurin ajiya ba ne. Uzurin da aka fi kawowa shi ne ƙararrawar tashi Asuba. Wannan ma hujja ce ta nisanta ta, don wanda ya taka zuwa bakin ƙofa ya kashe ƙararrawa ya riga ya tashi. A cikin Digital Wellbeing akwai Bedtime mode, wanda zai iya mayar da allo baƙi da fari ya kuma rufe bakin sanarwa a lokacin da ka zaɓa. Bidiyo marar launi ba ya riƙe ido kamar mai launi.

Sai batun datar dare mai arha da kamfanonin layi ke sayarwa. Arharta gaskiya ce, amma da barcinka kake cika kuɗin. In kana buƙatarta don sauke karatu ko manyan fayiloli, sa su a layi, kife wayar, ka kwanta.

Sanarwa da iyakar lokaci

Kowace ƙara da wayar ta yi kira ce, kuma ba duk mai kira ne ya cancanci amsa ba. Shiga Settings, sai Notifications, ka kashe na Facebook, TikTok, Instagram da X gaba ɗaya. Bar kiran waya da saƙon mutum ɗaya-ɗaya. Dalili kuwa, waɗannan manhajoji suna aiki kamar caca: wani lokaci ka buɗe ka tarar da abin daɗi, wani lokaci ba komai, kuma rashin tabbas ɗin ne ke sa hannu ya riƙa komawa. Ga shi shafin ba shi da ƙarshe. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro wannan salo na jan allo ba iyaka a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadamarsa.

Tunda manhajar ba za ta ce maka ya isa ba, kai za ka sa mata iyaka. A Android, taɓa sunan manhajar a cikin Digital Wellbeing ka saita mata mintoci. Da sun cika za ta dushe, ba za ta buɗe ba sai tsakar dare. A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka sun gwada wannan a kan ɗalibai 143. An taƙaita wa wani rukuni Facebook, Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako 3, aka kuma samu raguwar kaɗaici da alamun ciwon damuwa a wurinsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗowa daga awa 4 zuwa minti 30 a rana ɗaya. Kwana biyu mutum zai cire iyakar, ya ɗauka ba zai iya ba. Rage kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, sannu ba ta hana zuwa. Masu iPhone su sani cewa idan lokaci ya cika wayar tana ba da zaɓin ƙara minti 15 ko watsi da iyakar na ranar. Maganinsa a sa wa Screen Time lambar sirri, a ba miji, mata ko amini ya riƙe.

WhatsApp

A nan ne abin ya fi wuya, saboda akwai kunya. Zauren dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na ankon biki, ficewa daga ciki kan zama abin magana. Ba sai ka fita ba. Danna zauren ka riƙe, ka zaɓi Mute, sannan Always, daga nan ka tura shi Archive. Saƙonni za su ci gaba da shiga ba tare da sun tashe ka ba, sai ka leƙa sau ɗaya ko biyu a rana. In kuma fitar ta zama dole, tun 2022 masu kula da zauren kaɗai ake sanar wa.

Abu uku za ka ƙara gyarawa. A Privacy, ƙarƙashin Groups, zaɓi My contacts don baƙo ya daina jefa ka zauren da ba ka nema ba. A Privacy ɗin kuma za ka iya kashe Read receipts, shuɗin makin da ke sa a ce ka karanta ka ƙi amsawa. Amma kai ma za ka daina ganin na wasu, kuma a cikin zaure ba ya kashewa. Na ukun ya fi muhimmanci: a Storage and data, hana hotuna da bidiyo saukowa da kansu. Bidiyon gawarwaki, na hari da na hatsarin mota suna yawo a zauruka ba gargaɗi, kuma maimaita kallonsu yana jawo faɗuwar gaba da mugun mafarki. Rubutaccen labari daga kafar da ka amince da ita ya wadatar.

Masu sayar da atamfa, turare ko kayan kwalliya ta sitatus ba za su iya kashe waya ba, kasuwarsu ce. Su koma WhatsApp Business, su rubuta lokacin buɗewa da rufewa, su kunna Away message ya riƙa amsa wa mai tambayar farashi da ƙarfe 1 na dare.

Abin da ake nuna maka

TikTok da Facebook suna koyo daga abin da ka tsaya a kansa. Manhaja ba ta bambance kallon so da kallon haushi, kuma tsokacin zagi a wurinta alama ce ta a ƙaro maka irinsa. A TikTok, danna bidiyon ka riƙe ka zaɓi Not interested. Idan shafin ya lalace gaba ɗaya, a cikin Content preferences akwai wurin sabunta shi daga farko. A Facebook, ɗigo uku na saman rubutu suna ba ka damar ɓoye mutum na kwana 30 ko daina bibiyarsa. Abota tana nan, kuma ba a sanar da shi.

Yi amfani da wannan a kan shafukan da ke sa ka raina abin da kake da shi. Hoton lefe, sabuwar mota da tafiya Dubai zaɓaɓɓen lokaci ne, ba a ɗora hoton bashin da aka ci. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Rubutun da ya tunzura ka kuwa, ka ba shi awa 1 kafin ka amsa.

Lokacin da ka ƙwato, ka san abin da za ka sa a gurbinsa tun kafin ya zo, in ba haka ba hannu zai koma aljihu. Ziyara, karatu, tattaki bayan La'asar, ko kiran murya maimakon danna laik, tunda zumunci a ƙafa yake.

Idan an yi duk wannan amma baƙin ciki, rashin barci ko fitar sha'awar komai daga rai sun kai mako 2, to matsalar ta wuce saitin waya, a ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, kuma likitan babban asibiti mafi kusa zai iya dubawa ya tura gaba. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa kada ya jira mako 2, ya gaya wa wani na kusa a ranar, su tafi asibiti tare.