Darasi na 9: Yadda ake cewa "na faɗi" da Turanci

A ce Malam Sani ya sayi buhun masara naira 50,000 a kasuwar Dawanau, kafin ya kai wa mai saye farashi ya karye, ya sallama a 45,000. A bakin 'yan kasuwa, Malam Sani ya faɗi. Ba riba, uwar kuɗi ma ta taɓu. Da Turanci ana cewa ya sayar "at a loss". Kalmomi uku ne, kuma ƙaramar "a" ɗin nan ta tsakiya ba a yar da ita.

Karanta waɗannan da ƙarfi, sau uku:

"I sold the maize at a loss." Na sayar da masarar da faɗuwa.

"The shop is running at a loss." Shagon faɗuwa yake yi, abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa.

Ka lura, a jimlolin nan akwai maganar sayarwa ko tafiyar da sana'a kafin "at a loss". Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da masu boko. Mutum ya faɗi a ciniki, sai ya tura wa abokin hulɗarsa na Legas saƙo: "I am at a loss." Daidai ne a Turanci, amma ba batun kuɗi ya yi ba. Abin da ya ce shi ne kansa ya ɗaure, ya rasa abin yi ko abin cewa. Wancan zai ɗauka shawara ake nema, alhali kai sassauci kake so a yi maka. In faɗuwa kake nufi, rubuta "I made a loss."

Haka kuma ba kowace asara ce faɗuwa ba. Wanda gobara ta cinye wa rumfa, ko ɓarawo ya yi wa ta'adi, bai sayar da komai ba, don haka sai ya ce "I lost my goods", wato na yi asarar kayana.

Wajen rubutu, "loss" da "s" biyu take ƙarewa. Kada ka rubuta "at a lost" ko "at a lose".

Aiki: Hajiya Rabi ta sari atamfa naira 12,000, ta sayar 10,500. Nawa ta faɗi? Rubuta da Turanci abin da za ta gaya wa dillaliyarta, sannan ka karanta wa na kusa da kai.